Tarihin abincin buki a Damagaram, daga ƙwaryar fura zuwa robar tireta



Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, lokacin bukukuwa ya kama a Damagaram. Daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, da wuya mako ya ƙare ba ka ga an tare hanya da rumfa da kujeru ba. A 'yan shekarun nan kuma wani sabon zama ya shigo cikin jerin hidimomin aure, wanda 'yan mata ke kira biraidal shawa. Liyafa ce ta amarya da ƙawayenta zalla, kwana biyu ko uku kafin fatiha. A kama sal ko a ƙawata tsakar gida, a ɗinka iniform, a kira tireta, wato mai girkin kwangila, ta kawo shinkafa da kaji da salati da gato, kowace ƙawa da robarta da kwalbar lemonta.

Iyayenmu mata da yawa suna cewa wannan baƙon abu ne, abincin ma ba namu ba ne. 'Yan mata kuma suna cewa zamani riga ne. To mu ajiye gardama tukuna, mu bi sawun tarihi, mu ga abin da kakanninmu suka ci a buki, daga ina ya zo, wa ya dafa, wa ya ci. In mun bi a hankali za mu tarar abincin bukin Damagaram tun asali da baƙo a cikinsa. Abin da ya canza da gaske shi ne hannun da ke dafawa da bakin da ke ci.

Mu fara da garin kansa. Wajen 1812 ne Sarki Sulaiman ya mai da Zinder hedikwatar Damagaram, a lokacin ƙasar tana ƙarƙashin inuwar Barno. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi sarauta har zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙarfafa soja, ya jawo fatake. Ayarin da ya taso daga Tarabulus da Gadamas ya bi ta Gat da Abzin, a Zinder yake sauke kaya kafin ya wuce Kano, wadda ke kusan kilomita 240 daga nan. Baturen nan Heinrich Barth, da ya sauka garin a ƙarshen Disamba 1852, ya kwatanta shi da ƙofar shiga ƙasashen Sudan. Unguwar Zango sunanta ma ya faɗi aikinta: masaukin ayari ce a bayan ganuwa, inda Buzaye da Larabawa ke kwance raƙuma, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna a ƙarshen wancan ƙarni.

Gari irin wannan, tukunyarsa ba za ta tsaya a kan gero kaɗai ba. Ku ɗauki goro, wanda har gobe ba a ɗaura aure sai da shi. Ko itace ɗaya na goro ba ya fitowa a ƙasarmu. A da daga Gwanja ake kawo shi, a arewacin Gana ta yau, ta kasuwar Salaga, a bayan jakai, tafiyar watanni, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana sake ganye don kada ya bushe. Shi ya sa ƙwaryar goro, wato ɗari cif, ta zama kyautar girmamawa. Gishirin miya daga Bilma yake, dabino daga Kawar da Abzin da kuma kwarurrukanmu irin na Gidimuni, kanwa daga ƙasar Manga. Sukari da kanumfari ta hamada suke zuwa a bayan raƙumi. Burabusko kuwa, wanda muke tinƙaho da shi a matsayin abincin Damagarawa, gadon zamanmu da Barebari ne, kamar yadda turaren wuta da humra suke. Alkaki da funkaso na alkama ne, alkama kuwa ba kowace gona ke yin ta ba, sai lambu mai ban ruwa. Kenan tun zamanin Tanimun, mai hali yana nuna halinsa a buki da abin da ya zo daga nesa. Wannan ɗabi'a ba 'yan Instagram suka ƙirƙiro ta ba.

Amma ainihin cimar buki ta talaka da basarake duka gero ce. Baƙo in ya iso, a tare shi da ruwan randa da farau-farau, randar ma wataƙila ginin Mirya ce, garin da ya shahara da tukwane. Sai fura da nono a ƙwarya da ludayi, a zagaya ana sha ana miƙawa. Sai tuwo a akushi da miyar kuka ko kuɓewa, da man shanu a kai. Sai dambu, sai waina. Shinkafa a wancan lokaci abincin sallah ce da gidajen manya. Nama kuma gwargwadon ƙarfin mai gida, daga akuya zuwa sa.

Yanzu ku tsaya ku yi lissafin aikin. Babu injin niƙa, babu famfo, babu gaz. Kafin a ciyar da mutum ɗari da tuwo da fura sai an yi sussuka, an yi surfe, an wanke, an daka, an tankaɗe, an ɗebo ruwa daga rijiya, an faso itace. A fada da gidajen attajirai, mu faɗi gaskiya, bayi da kuyangi ne suka ɗauki mafi nauyin wannan aiki, har zuwa lokacin da bauta ta fara ja da baya bayan dokar Faransa ta 1905. A sauran gidaje kuwa mata ne ke taruwa. Kwanaki kafin buki za ka ji taɓare suna amsa wa juna a tsakar gida, maƙwabta da dangi da ƙawayen uwar amarya, ana daka ana waƙa. Wannan ta zo da tiyar gero, waccan da tulun ruwa, wata da ɗaurin itace, wata ta ba da aron babbar tukunya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba wanda ya taɓa tsammanin uwar amarya ta ɗauka ita kaɗai.

Kalmar buki kanta tana da ma'ana ta biyu a bakin mata, wato kyautar da ake kai wa mai hidima. Ƙa'idarta sananniya ce a duk ƙasar Hausa: in ƙawarki ta kawo miki dala ashirin ranar naki, ranar nata ki kai arba'in, a yi ta ninkawa har abin ya yi nauyi, sannan a koma ƙasa a sake farawa. A da a ka ake riƙe lissafin, daga baya ya koma cikin kaye. Banki ne na mata tun ba a san banki ba. Macen da ta shekara goma tana zuwa bukin mutane, ranar da za ta aurar da ɗiyarta ajiyarta take kwasa.

Su ma ƙawayen amarya ba yau suka fara zama na musamman ba. Daga kamu zuwa zaman lalle, amarya tana ɗaki da sa'o'inta kwana da kwanaki, babbar ƙawa tana riƙe da ragama. Abincinsu daga gidan amarya da gidajen dangi yake fitowa, ango da abokansa kuma su aiko da abin da ya sawwaƙa. Bayan an kai amarya sai gara ta biyo baya daga iyayenta: hatsi, man shanu, gishiri, daddawa, alkaki, nakiya, dubulan. Ku lura da hikimar da ke cikin wannan zaɓi. Kusan duk abin da ke cikin gara abu ne mai jure ajiya a ƙasa mai zafi. Alkaki da nakiya sukan yi makonni ba su lalace ba. Kuma gara ba a rufe ta a ɗaki, rabawa ake yi gida-gida, dangin ango da maƙwabta kowa ya ɗanɗana, kowa ya san an kawo ɗiyar mutunci.

Abu na ƙarshe game da wancan zamani: ba kati, ba mai gadi a ƙofa. Almajiri ya miƙa ƙoƙonsa, tsohuwar unguwa ta samu rabonta, maroƙa da zabaya su ci su yi guzuri. Wadda ta daka miki hatsi ai ba sai kin gayyace ta cin tuwo ba.

To daga ina canji ya faro? Faransawa sun ci Zinder a 1899, bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Garin ya zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka ƙaura zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambatawa. A daidai wannan tsakani jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911. Daga nan alƙiblar kasuwa ta juya. Kayan da ke zuwa daga arewa a bayan raƙumi suka koma zuwa daga kudu. Goro ya yi sauƙi, sukari da fulawa suka yawaita, kwanukan sha da fanteka da langa suka fara ture ƙorai da akusa daga jeren amarya.

Sai gyaɗa. Daga shekarun 1930 har zuwa farkon 1970, noman gyaɗa ya cika ƙasar Magarya da Matamai da Kance, aka kafa SONARA a 1962 don sayenta, aka gina masana'antun mai a Matamai da Magarya. Gyaɗa ta kawo abu biyu cikin buki: kuɗi a hannun manomi bayan kaka, da mai mai araha. Abin da a da sai da man shanu, yanzu ana soya shi da man gyaɗa, cincin da fanke suka samu wuri a faranti. A nan Zinder kuma aka buɗe SOTRAMIL a 1967 don sarrafa gero, injinan niƙa suka bazu unguwa-unguwa a shekarun da suka biyo baya. Mata sun huta da wahala, wannan alheri ne babba. Sai dai ranar da inji ya karɓi aikin turmi, dalili ɗaya na taruwar maƙwabta kafin buki ya ragu.

Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, yunwar 1984 da muke kira El Buhari ta zo a kan rufe iyakar Najeriya. A waɗannan shekaru na taimakon abinci da shigo da hatsi daga waje ne bakin mutanen birni ya saba da shinkafa da makaroni. Sannu a hankali shinkafar Asiya, mai biyowa ta tashar Kwatano, ta zama ita ce abincin buki, tuwo ya koma na tsofaffi. Dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa, tumatirin gwangwani ya shiga miya, lemon kwalba da solani suka zauna inda ƙwaryar fura take.

Kukan tsadar aure ma ba sabo ba ne. Zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, hukuma ta ƙayyade sadaki a jika hamsin, Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975 ta yi ta faɗakarwa kan almubazzaranci a bukukuwa. Daga shekarun 1980 malaman Izala su ma suka matsa kan batun, har walimar mata mai wa'azi ta maye gurbin kiɗa a gidaje da yawa. Amma an kama wutsiya ne an bar kai. Sadaki ya tsaya a takarda, kuɗin suka zagaya suka fito ta akwatin lefe da jere da abinci. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, kuma a lokacin bukinmu ya riga ya jingina da kayan waje.

Sauran labarin a idonmu ya faru. Finafinan Kano sun nuna mana dina da teburi mai ado. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 ta sa gaz ya wadata, mace ɗaya da mataimaka uku tana iya dafa abin da a da sai mata ashirin. Firigo da gilasiyar suka shigo. Waya ta kawo mana bukin Legas da na Dubai har cikin ɗaki. Haka sana'ar tireta ta tsaya da ƙafafunta, kuma sana'a ce ta halal wadda mata da yawa a garin nan ke ciyar da 'ya'yansu da ita. Ba su ne matsalar ba.

Ita biraidal shawa ɗin, a Amurka ta yi ƙarfi wajen ƙarshen ƙarni na 19, ana kuma ba da labarin cewa tushenta daga Holan ne, inda maƙwabta suka tara wa wata yarinya kayan ɗaki saboda mahaifinta ya hana ta. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, manufar a fili take: ƙawaye su taru su yi wa amarya ruwan kyauta don a rage mata nauyi. Wato dai gudummawarmu ce da wani suna. Abin mamaki, da ta iso wurinmu sai ta juye. Amarya ko uwarta ce ke biyan sal, ta biya ado, ta biya mai hoto, ta biya tireta, ƙawaye kuma su ci bashin iniform.

Mu yi lissafi na misali kawai. A ce roba ɗaya da abin sha ta tsaya a jika biyu, an gayyaci mutum sittin. Jika ɗari da ashirin kenan a yammaci ɗaya, ban da sal da gato. Mafi ƙarancin albashi da hukuma ta tsayar tun Janairu 2024 jika 42 ne a wata. Kusan albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci ya tafi tun ba a yi fatiha ba, ga wuni na nan tafe, ga gara na jira. Kuma mun ga abin da ya faru bayan Yuli 2023, da aka rufe iyakoki aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya: shinkafa ta yi tsada, ƙanƙara ta zama abin nema. Bukin da ya dogara kacokan ga buhun waje da firigo, ranar da hanya ta toshe shi ma ya toshe.

Illar ba a aljihu kaɗai take ba. Akwai uwar da ke sayar da akuyoyinta ko ta ci adashe uku a lokaci guda don kada a raina ɗiyarta. Akwai yarinyar da aurenta ke jan ƙafa saboda gidansu ba su shirya fita kunya ba. Akwai maƙwabciyar da ta yi wa amarya goyo tana jaririya, yau tana jin kiɗa ta katanga don robobi a ƙirge suke. Malamanmu kullum suna tunatar da mu cewa hadisi ya soki walimar da ake kiran masu hali a bar mabuƙata.

To ke uwar amarya, ke babbar ƙawa, in za a yi wannan zama, tarihin nan yana da abin da zai ba ku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara da tsayar da adadin mutane da kuɗin da ke hannu, sannan a je wurin tireta, kada a fara zaɓen abinci daga hoto a dawo ana neman kuɗinsa. A yi magana a fili kan me za ta kawo, guda nawa, ƙarfe nawa, wa ke kawo ruwa da ƙanƙara, wa ke rabawa, a rubuta, a riƙe wani kaso na kuɗin sai kaya sun sauka. A ƙara 'yan robobi a kan lissafi, don a Damagaram ba ƙawar da ke zuwa ba ƙanwa a bayanta.

Ku duba yanayi kamar yadda masu gara suka duba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, salati mai mayonez da gato mai kirim ba sa jure awanni a rumfa, kuma kuran ba shi da alkawari. Dambu da zogale, waina, burabusko, gasasshen nama, kilishi, alkaki, duk sun san ƙasar nan, kuma in an jera su da kyau ba su fi kowa muni a hoto ba. Wajen abin sha, ruwa ne farko. Mu da muka san layin bido a famfo da jiran ruwan Gogo da Arunguza bai kamata a tuna mana ba. Bayan ruwa ga zoɓo, ga jinja, ga tsamiya, ga kunun aya da ayar Maradi, ga fura mai sanyi. Sai dai kunun aya da fura a haɗa su ranar da ruwa mai tsabta, a riƙe su cikin sanyi, don saurin tsami gare su.

Sannan a dawo da hannun jama'a cikin abin. Tireta ta ɗauki babban girki, gwaggo ta kawo alkakinta, inna ta dama fura, ƙawaye su haɗa kuɗin abin sha a maimakon iniform na biyu, in da saura a saya wa amarya abin da za ta tarar a ɗakinta. A ware tukunya guda tun farko ta maƙwabta da almajirai, kada a jira sai abin da ya rage. In an watse a tattara robobi da ledoji, kada a bar wa awakin unguwa da magudanar ruwa.

Kakanninmu sun karɓi goron Gwanja da sukarin Tarabulus da burabuskon Barno, suka mai da su namu, domin sun zuba su cikin ƙwaryar da ke zagayawa hannu zuwa hannu. Shinkafar tireta da gato ma za su iya zama namu ta wannan hanya.

Iyayenmu da suka ga bukin Birni na da, ku ƙara mana da abin da kuka gani da idonku, musamman yadda ake jera gara da rabonta, don yaranmu su sani. Allah ya ba amare da angwayen bana zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya rufa wa iyaye asiri. Amin.